Fuskar Inna a littafin Ɗanladi

Yaya Sani,

Gaisuwa daga Zangon Kumasi. Yaya jiki, yaya iyali da yara?

Ka tuna Ɗanladi mai zanen allunan shaguna, wanda yake cin tuwonmu yana sauraron tatsuniyoyin Inna? Ya zana tatsuniyarta ta mayyar kogi, an buga littafi mai hotuna. Yaya, fuskar Inna ya ba mayyar, har tsagar kumatunta da wushiryarta! Na tare shi a Krofrom, ya yi dariya, wai ita ta fi dacewa.

Jiya jikokinta suna hango ta suka ruga. Ka gaida mutanen gida, ku sa mu a addu'a. Har yanzu Inna tambayata take me ta yi wa yaran.

Ƙanwarka,
Hajo