Zuwa ga Yaya Mani, Mai Akwatin Rumbu

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ban girma, ina fatan kana lafiya a duk inda Allah ya ajiye ka. Wasu sun ce sun gan ka a Maraɗi, wasu sun ce Kurmi ka yi. Tunda ba ni da inda zan aika takardar nan, na bayar a buga ta a jarida, ko wani zai karanta ta kusa da kunnenka. Inna tana nan, sai dai ido ya yi rauni. Yaranka lafiya lau.

Yaya, ka san ni da baki. Shekara da shekaru ina aski a gindin tsamiya a kasuwar Batsari, kuma wanda ya miƙa maka kansa ba ya ɓoye maka cikinsa. Da haka na yi suna. Ni ke faɗin wanda zai yi kaye a kokawa, ni ke faɗin auren da ba zai kai kaka ba. Aka riƙa ce mini Sale Mai Gani, kaina kuwa ya kumbura.

Da Turawa suka ce wannan karon kowane namiji zai jefa ƙuri'a da hannunsa a ɓoye, jam'iyyu biyu suka raba ƙasar nan, ta manya da ta masu ja da su. Kai ba ka cikin kowace. Damuwarka burtalin shanu da ake ta cinyewa, da rijiyar da aka yi mana alkawari tun kana saurayi. Ni na zuga ka ka tsaya kai kaɗai. Ka ce mini, "Sale, ni manomi ne, bar ni da galmata." Ban bar ka ba.

Hujjata gayya ce. Ka tuna ranar noman gonarka ta fadama? Mutane daga Darini, daga Zakka, har da na Tsaskiya da suka taso tun da sanyin safiya. Na hau tudu ina kallon bayan maza a sunkuye, gona ta cika maƙil. Na sauko na rantse maka duk wanda ya sunkuya a gonarka zai jefa maka. Na ce jam'iyyun nan biyu za su cinye juna, kai ka bi ta tsakiya. Ka yi dariya, ka zaɓi hoton rumbu a liƙa a akwatinka.

Ka san abin da ya biyo baya. Da aka ƙirga a Safana, abin da aka samu a akwatinka bai cika tafin hannu ba. Mai gari ya tuna wai gonar fadama aro ce aka ba mahaifinmu, aka karɓe. Masu gaishe ka suka koma canja hanya. Ran nan ka ce za ka kasuwar Jibiya, ga shi har gero ya nuna ba ka dawo ba.

A lokacin na ce maka kuskuren lissafi na yi, gayya daban, zaɓe daban. Haka na faɗa wa kowa. Yaya, ba gaskiya ba ne, kuma saboda wannan na ɗauki alƙalami.

Bayan tafiyarka mutane suka fara magana a ƙarƙashin askata, murya ƙasa ƙasa. Ka san yadda aka yi ɗakin zaɓen, akwatuna uku a bayan zana, mutum ya shiga shi kaɗai. Wani dattijo daga Darini ya ce da ya shiga sai ya ɗaga akwatinka ya girgiza, kamar yadda muke girgiza ƙwarya mu ji ko da saura. Ya ji shiru. Ya girgiza na manya ya ji takardu na motsi. Ya ce a ransa, ni kaɗai zan tsaya a fili a gane ni? Ya jefa inda jama'a suke. Na biyu ya faɗi haka, na uku ma. Dukkansu da niyyar jefa maka suka fito daga gida. Kowa ya so ya san mai ci kafin ya jefa, kuma ni na koya musu wannan ɗabi'a a gindin tsamiya.

Ina jin su, ina aski, ina cewa Allah ya kyauta. Ban taɓa faɗa wa ko ɗaya nawa labarin ba.

Ni ma na girgiza, Yaya. Na ji shiru, na tuna rumfata da iyalina, na jefa wa manya. Abin da ke cin raina shi ne, na yi sammako ran nan don in nuna ni naka ne. Ni ne na huɗu a layi, bayan mai gari da mutanensa biyu. Akwatinka shiru yake don naka ba su fara shiga ba tukuna. Da na saka tawa, da wanda ya biyo ni ya ji motsi.

Yanzu ana ta cewa Turawa sun kusa tafiya, har ana zuwa tambayata wa zai ci zaɓe na gaba. Na daina faɗi. Ban ga ranar da mutum irinka zai ci zaɓe a ƙasar nan ba, muddin irina ne a gaban layi.

Ba na roƙon ka dawo domina. Inna ce, kullum ta ji sallama sai ta ce, "Mani ne?" Ka zo ta ji muryarka tun tana iya ji. In ba ka son ganina, aiko a faɗa mini ranar, zan bar garin har ka tafi.

Allah ya tsare ka, ya ba ka maƙwabta da suka fi ɗan'uwanka, ya sa takardar nan ta same ka da rai.

Ƙaninka,
Sale Wanzami