Yayana Hudu Ba Ɗan Ƙwaya Ba Ne

Zuwa ga Alhaji, mai kamfanin gine-ginen da muka yi wa aiki a Abuja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Sunana Isiyaku, birkila daga Zandam ta ƙaramar hukumar Gwaram. Rani huɗu ni da yayana Hudu muna zuwa wurinka ci-rani da zarar mun zuba hatsi a rumbu. Sau biyu na zo ofishinka maigadi yana mayar da ni, shi ya sa na rubuto a bainar jama'a.

Na ɗaya: katakon da muke takawa a hawa na uku ruɓaɓɓe ne. Ranar Litinin muka gaya wa foman ɗinka, ya ce wanda ba zai hau ba ya koma ƙauyensu. Ranar Laraba da hantsi katakon ya karye da Hudu, ina gefensa. Ba hular kwano, ba igiya a ƙugu.

Na biyu: mu leburori muka kwantar da shi a motar haya tun daga Abuja har asibitin Birnin Kudu da ke kusa da gida. Likita ya ce ƙashin bayansa ya taɓu. Gonarsa bana sai 'yan'uwa suka nome masa.

Na uku, kuma shi ya fi ci mini rai: foman ya shaida maka wai Hudu ƙwaya ya sha. Alhaji, mutumin nan ko goro ba ya ci, kuma shi yake jan mu salla a wurin aikin. Maganar ta biyo 'yan ci-rani har gida. Matarsa ta daina zuwa taron biki saboda tambayoyin mata. Da na ƙaryata foman a gaban ma'aikata, a ranar aka sallame ni.

Ba aikina nake roƙo ba, ina da hannu ina da sana'a. Abu biyu nake nema: a sauke ragowar katakon nan, domin har yau mutanenmu ne a kansa, sannan ka rubuto da sa hannunka cewa ƙarya aka yi wa Hudu, a karanta a ƙofar masallacinmu. In ba haka ba, duk tashar da 'yan ci-rani ke hawa mota, daga Fagam zuwa Birnin Kudu, zan tsaya in faɗi abin da idona ya gani.

Allah ya ba ka ikon yin gaskiya, ya tsare naka 'ya'yan daga irin wannan faɗuwa.

Wassalam.

Isiyaku Birkila,
Zandam.