Albasa Ta Tsira da Sunan Dauda

Baba Isiyaku, don Allah ka fitar da ni, na saka kaina cikin wani abu da ban san ta inda zan fita ba.

Ni malamin gona ne a Madawa, karatuna bai wuce na gida ba. Aminina Dauda shi ne ya je jami'a a Turai. Bara jami'ar ta buɗe wa tsofaffin ɗalibanta akwatin saƙo ta kwamfuta, kowa da sunansa da lambar sirrinsa, su rinƙa tambayar malamai suna karanta littattafai. Dauda ya bar noma tuni, yana harkar motoci. Da ya ga yadda albasar mutanen Sabon Gida ke ruɓewa a rudu, wato bukkar ajiya, ina ta kaiwa da komowa ba dabara, sai ya rubuta mini lambar a bayan kwalin shayi, ya ce in yi ta amfani. Har in mutu ba zan manta masa ba.

A biro ɗinmu, wato ofis, akwai kwamfuta ɗaya da ke haɗe da layin tarho. Na rubuta wa wani tsohon farfesa, da sunan Dauda mana, tunda shi akwatin ya sani. Bawan Allahn nan ya amsa. Ya ce a daina ban ruwa tun kafin cira, a bar ganyen ya bushe, kada a yanke wuyan albasar gajere, a buɗe wa rudu iska. Bana gida goma sha ɗaya sun kai albasarsu har damina. Wata tsohuwa ta riƙe hannuna tana sa mini albarka, na rasa inda zan sa fuskata don daɗi.

Ga matsalar. Farfesan ya ɗauka ɗalibinsa Dauda ne, wanda a da yake barci a aji, ya shiryu. Yakan tambaya ko na tuna kaza, ni ma ba kunya in ce na tuna. Yanzu ya rubuto zai zo Nijar bayan damina, yana son ganina a gona. Dauda kuma ya roƙe ni kada in tona, wai tun da yake farfesan bai taɓa yabonsa ba sai yanzu. In na faɗi gaskiya na kunyata aminina, watakila a rufe akwatin. In na yi shiru na ci amanar tsohon da ya taimake mu.

Mai Albasa, Madawa

Ɗana Mai Albasa,

Na yi dariya, sannan na ji tausayinku duka uku. Dauda ya yi maka halacci, kuma son yabon malami ba laifi ba ne, ko mai furfura yana so. Amma akwatin shi aka ba, ba na aro ba ne, kuma ranar da ka ce ka tuna abin da ba ka gani ba, ka wuce aro ka shiga ƙarya.

Kada ka rubuta a bayan idon Dauda, kada kuma ka bari sai tsohon ya sauka a mota. Ka je ka sami Dauda, ku zauna ku rubuta wa farfesan tare cikin makon nan, shi ya fara, kai ka biyo da sunanka na gaskiya. Ku ba da haƙuri a taƙaice, ku lissafa gidajen da suka amfana. Za a iya rufe akwatin, ka shirya wa hakan. Sai ka roƙi farfesan adireshinsa na gidan waya, wasiƙa tana zuwa Madawa.

Ka kuma gaya wa Dauda, in yabo yake so, yana da nasa na halal: shi ne ɗalibin da ya ga maƙwabta na asara ya ba da abin da yake da shi. Wannan ba sai ya ara ba.

Allah ya bar zumuncinku, ya kawo baƙonku lafiya, shi kuma baƙon ya kira ka da sunanka.

Baba Isiyaku