Mai Haƙar Rijiya Ya Dawo

Tafoki, ta Faskari,
Jihar Kaduna.
12 ga Fabrairu, 1983.

Zuwa ga ɗana Ɗanliti,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka na Agege. Allah Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, Ya sa albarka cikin aikinka. Mu nan lafiya lau muke, sai godiya. Iyalinka Suwaibatu ta warware, ƙafar da kurkunu ya kwantar da ita da damina ta rufe, sai tabo, har ta koma daka. Ɗiyarka Adama ta yi haƙora huɗu, ba abin da ta bari, har gefen tabarmata. Dawa ta yi kyau bana, audugar ce kawai tsutsa ta taɓa. Ƙanwarka Zulaihatu ta zo daga Kaduna ta yi mana kwana shida. Wannan rubutu da kake gani hannuna ne, ba na kowa ba. Kwana uku ina yin sa, in na gaji in ajiye, don haka in ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri. Shekara biyu kaɗai ke nan da Malama Alheri ta kama hannuna a ajin yaƙi da jahilci.

Takardarka ta iso ta hannun Bilya direba, kuma na fahimci abin da ke cikinta. Ka ce gwamnati ta ba baƙin da suka shigo ƙasa ba takarda mako biyu su fita, Ikko ba a maganar komai sai wannan, ka ga mutane da ƙunshin kaya suna kwana a bakin tashar jirgin ruwa inda kake aiki. Ka ce kana tsoron kada a ji gidanku na ajiye da mutumin Nijar, abin ya taɓa aikinka, saboda haka a sallami Malam Audi mai haƙar rijiya tun kafin a zo nemansa. To, ka saurara ka ji abin da takardar nan ta yi a gidan nan.

Sunan Baba Lawwali ka sa a bayan ambulan, kamar yadda ka saba tun ban iya karatu ba. Shi kuwa ƙanen babanku ka san halinsa, ba ya duba takarda shi kaɗai tukuna. Ya zauna a zaure bayan la'asar, ya gyara murya, ya fara karantawa da ƙarfi don mu na cikin gida mu ji, kamar mai labarai a rediyo, bai san abin da ya faɗa ba sai da ya riga ya fita. Malam Audi kuwa yana nan zaune a gefensa, fitowarsa ke nan daga ramin rijiyar da yake haƙa mana, jar ƙasa har gira, yana shan furar da Suwaibatu ta dama masa. Ni ina bayan zana ina jin komai. Sai na ji an ajiye ludayi. Malam Audi ya yi hamdala, ya ce yaron ya yi gaskiya, kowa ya kare abincinsa. Washegari bayan sallar asuba ya jera itace a bakin ramin, ya rufe da ƙaya don kada akuya ta faɗa, ya naɗe igiyarsa, ya kama hanya ba sallama.

Ka san mutumin nan, amma ga alama Ikko ta sa ka manta, bari in tuna maka. Shekara goma sha shida ke nan yana zuwa cin rani daga ƙauyensu na bayan Maraɗi. A zaurenmu yake sauka, da ruwan farko ya koma gonarsa. Shi ya haƙa rijiyar masallaci. Shekara huɗu da suka wuce, da Allah Ya yi wa babanku rasuwa, kai kana can, waya ba ta same ka ba sai bayan kwana uku. Ƙasa ta yi tauri a lokacin, samari suka yi ta fama da gatari, Malam Audi ne ya karɓa ya haƙa kabarin da hannunsa. Ban taɓa faɗa maka ba don kada ka ji nauyin rashin zuwanka. Yau na faɗa, ba don in ɓata maka rai ba.

Sannan ga rijiyar kanta. Ranar da ya tafi ya gama kwashe ƙasar da ta zube ciki ke nan, zurfinta gaba bakwai, ta tsaya a kan marmara, daidai inda wasu mahaƙa biyu na garin Ruwan Godiya suka bar ta bara suka ce ba ruwa a gidan nan. Ba wanda ya yarda zai sake shiga sai shi. Buhunan simintin da ka aiko suna jingine a ɗakin babanku. In damina ta same ta a haka, rugujewa za ta yi, mu koma tafkin nan da ya kwantar da matarka wata biyu tana rarrafe da goyo. Na dubi Adama tana wasa a tsakar gida, na ce ba zan zauna in ga an ba ta ruwan nan ba.

Sai na yafa mayafi, na ɗauki Goggo Talatu, yayar babanku, muka shiga motar Bilya zuwa Mairuwa. Muka same shi a gindin ɗorawa a bakin titi yana jiran motar Funtuwa, igiya a kafaɗa, diga a gefe. Kafin in buɗe baki Goggo ta riga ni. Ta ce masa dama gudu gadonsu ne, kakanninsu daga Katsina suka gudu suka tafi Maraɗi, ga shi shi ma ya gudu daga ramin da bai fi tsawon rumbu biyu ba. Ya ce mata ai da ta san shi Bakatsine ne da tuni ta daina auna masa tuwo kamar na mara lafiya. Har masu jiran mota suka yi dariya. Da dariya ta lafa ya ce mini ba fushi ya yi ba. Ya ce yaron da ya taɓa ɗauka a wuya zuwa kasuwa, ba zai zama sanadin korarsa daga aiki ba, ko da rijiya goma ce. Na ce masa in sunanka ne damuwar, to a cire sunanka. Gida nawa ne yanzu, baƙo kuma nawa ne. Motar Funtuwa ta zo ta tsaya, ya bar ta ta wuce.

Daga nan muka dawo, ƙofar mai garinmu muka nufa, mu uku, da Baba Lawwali da ya biyo mu yana ta ba da haƙuri. Mai gari ya ce shi ma a rediyo ya ji, amma takarda ba ta zo masa ba tukuna. Ya ce ƙarar da ake kawo masa kullum ta taki ce, da shanu sun shiga gona, da ruwa, bai taɓa ganin wanda ya kawo ƙarar ɗan cin rani ba. Duk da haka ya ce a yi abu a fili. Ya sa magatakarda ya rubuta a littafinsa cewa Malam Audi baƙona ne, ni Hajaratu, haƙar rijiya ya zo, da ruwan farko zai koma gida, kuma in hukuma ta aiko ba za a ɓoye shi ba, ni da mai gari za mu kai shi da kanmu mu yi bayani. Magatakarda ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Na ce ya ba ni biro. Na rubuta sunana har ƙarshe, kowa yana kallo. Sunanka ba ya cikin littafin nan ko sau ɗaya. In wani ya tambaye ka a wurin aiki, ka ce uwarka ce, tsohuwa ce, ba ta jin magana.

Ban ce ƙarya ka faɗa ba, Ɗanliti. Na yarda abin da ka gani ka gani. Ka taɓa rubuto mini cewa ku shida ne a ɗaki ɗaya, ana ta rage ma'aikata, kowa yana ganin na kusa da shi ne ya tare masa wuri. Wanda ke cikin wannan dole ya ji zafin baƙo. Zulaihatu ma ta ce a Kaduna, tun rikicin addinin nan na bara, in baƙon malami ya sauka a unguwa sai an tambayi daga ina yake, kuma mijinta ra'ayinka yake da shi. Amma Bilya, da kullum yake kan hanya, ya ce da ka baro Funtuwa maganar sai ta fara sanyi. A kasuwar Ƙanƙara dillalan shanu cewa suke in an kori mutanen Nijar sai a gaya musu wa zai koro dabba. A Sabuwa kuwa manyan manoma ne suka shiga damuwa, ba don baƙi sun yi yawa ba, don suna tsoron kada su tafi a rasa masu aiki. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya, amma abin da ke hana ku sukuni a can ba shi ke hana mu ba. Ku baƙonku ba ku san daga inda ya fito ba. Mu namu mun san sunan ubansa, mun san 'ya'yansa nawa, mun yi masa ta'aziyya ya yi mana.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya mini a rai, kuma shi ya sa na ƙi ba kowa ya rubuta mini. Bilya ya ce direbobin da suka dawo daga Ikko suna cewa mutanen can ba sa bambance ɗan Katsina da ɗan Maraɗi, in sun ga riga da hula da zane a kunci shi ke nan. Kai kuwa zanen babanku ne a fuskarka, irin na Malam Audi sak. Tun da na ji haka in na ɗauki abinci sai in ajiye. Ina roƙonka, kada ka fita ko nan da bakin titi ba katin aikinka a aljihu. Kada ka tsaya kallo inda ake kama mutane. In an tare ka, ka yi magana a hankali, ka faɗi sunan garinku. Kuma ka yi tunani a kan wannan: a wurin mai tare ka, kai da mutumin da ka ce a sallama abu ɗaya ne.

To, ga labarin da na ajiye maka. Malam Audi ya dawo ya buɗe ramin. Ya zuba itace a kan marmarar ya hura wuta, ta ci yini guda, sannan aka kwara mata ruwan da mata suka ɗebo, dutsen ya tsage muna ji daga tsakar gida. Ya bari hayaƙi ya fita kwana ɗaya, ya shiga da diga, Baba Lawwali da kansa yake jan guga, ina jin don ya wanke laifinsa. Shekaranjiya da hantsi, a gaba tara, guga ya fito da yashi mai laima. Malam Audi ya ce kada kowa ya taɓa, a kira ni. Ya fito ya zuba mini a tafin hannu, sanyinsa har cikin ƙashi. Saura a ƙara zurfi kaɗan a ɗaure ta da siminti, ya ce mako uku in Allah Ya yarda. Ba zan sallame shi ba sai Suwaibatu ta ja gugan farko, kuma ba shawara nake nema ba, sanar da kai nake yi.

Abu ɗaya nake so daga gare ka. Ka rubuto wa Malam Audi gaisuwa, ko layi uku ne, ka yi masa sannu da aiki. Ka sa sunana a bayan ambulan, ba na Baba Lawwali ba. Ni zan fara karantawa ni kaɗai, sannan in fita zauren nan inda ya ji ta farko, in karanta masa da bakina.

Baba Lawwali yana gaishe ka, ya ce daga yau sai ya duba takarda sau biyu kafin ya buɗe baki. Goggo Talatu tana gaishe ka, ta ce har yanzu tana jiran turmin atamfar da ka yi mata alkawari. Suwaibatu da Adama suna gaishe ka. Ka gaishe mini da mai gidanku Alhaji Nata'ala da iyalinsa, da abokinka Hadi. Malam Audi ma ya ce in gaishe ka, shi ya fara faɗa kafin kowa. In ka ji ambulan ta yi nauyi, ka buɗe a hankali, akwai ɗan ƙulli a ciki. Yashin ne. Kafin ya kai Ikko na san ya bushe, amma ka sani da laimarsa na ƙulla shi.

Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya ka sha da bakinka.

Ni ce mahaifiyarka,
Hajaratu