Tsiron da ba ya son ƙasa

Daren Laraba, unguwar Hindawiyya

Yau irin shukar nan da ake kira gemun tsoho ya tsiro. Ɗan kore-kore ne kamar bakin allura, sai na kanne ido nake ganinsa.

Ɗana Usman ne ya kawo min daga lambun da yake aiki a Ɗa'ifa, inda ake sanyi. Ya ce, "Umma, kada ki binne shi, ba ya son ƙasa, saiwa ma ba ya yi. Ki baza shi a ɓawon itace kusa da mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ki riƙa fesa ruwa." Tun kafin azumi nake fesawa.

Da la'asar Yaya Sani ya bugo daga Kano. Inna, mahaifiyarmu, ta rasu, har an kai ta. Ya ce, "Ba za ki zo ba ko?" Ya san ba ni da iƙama, takardar izinin zama a ƙasar nan. In na fita na fita ke nan, ga yara a nan. Ya kashe wayar.

Maƙwabta sun shigo gaisuwa, na dafa musu shayi. Ina ta jiran kuka, bai zo ba.

Inna dai ta samu ƙasa. Ni na tashi na fesa wa tsiron ruwa.