Tumatirin da Malam Zai Zubar

Zuwa ga Yaya Rabi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikin naki, yaya maigidan da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Bunkure lafiya lau, alhamdu lillahi.

Kin san yadda tumatir kan yi kwantai lokacin rani, har manoma su riƙa juye shi a bakin titi. To bara ƙungiyarmu ta mata ta samu rance. Ba a nemi jinginar gona ba, junanmu muka tsaya wa, in ɗaya ta gaza sauran su biya. Wannan ya sa na yi ta tunani, don ba zan so a ce Hajara ce ta ja wa mata asara ba.

Da kasona na sayi tumatirin da maigidana Malam zai zubar daga gonarsa, na yanyanka, na shanya a kan tabarmi, na ɗure a buhu. Ya yi ta dariya, wai na sayi shara. Da damina ta yi tsakiya tumatir ya ɓace, sai ga 'yan kasuwa daga Garun Malam suna sallama a zaure. Na biya rancen tas, har na sayi tunkiya.

Jiya Malam ya shigo yana sosa ƙeya, ya ce, "Bana nawa za ki sayi kwando?" Na ce, "Malam, sai na ga kaya."

Ki sa mu a addu'a, ki gai da kowa. Kuɗin ɗinkin sallar yara da kika saba aiko mana kuma ki bar shi, Yaya. Bana ni zan aiko.

Ƙanwarki,
Hajara