Tafiyar da Na Bar Maka

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ya baƙunta, ya karatun noman shinkafa? Inna da yara duk lafiya lau.

Wasiƙarka da hoton sun iso Bunkure. Jirgin sama uku kafin ƙasar Tailan, wuni guda a jirgin ƙasa, har da kasuwa a kan kwalekwale! Inna sai murna, ni kuwa na ture kwanon tuwona gefe. Sunana fa malamin gona ya fara rubutawa, na ce ba zan bar tumatirina ana tsakiyar ɗiba ba, a tura ka. To, tumatirin ya yi kwantai, ya ruɓe a bakin titin Zariya.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan tafiyarka. Amma don Allah kada ka ƙara aiko hoto.

Yayanka,
Habu